Ranar da Malam Tanko Ya Shiga Silima

Malam Tanko mai gyaran keken ɗinki bai taɓa shiga silima ba. Ko a zamanin samartakarsa, lokacin da abokansa ke ɗokin zuwa kallon Indiya, shi yana shagon ubangidansa yana wanke kan keke da kananzir. Shekara arba'in ya yi a rumfa ɗaya a Ƙofar 'Yandaka, teloli na kawo masa kekunansu tun daga Batsari da Jibiya. Kowa ya san in ya taɓa keke ta gyaru, kuma in ya faɗi magana ba ya maimaita ta.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Siddiq, sai 'yarsa Madina, ƙanwar Siddiq, da ke koyarwa a firamare. Siddiq ya tashi a rumfar, ya iya aikin har wasu teloli kan ce a ɓoye hannunsa ya fi na uban laushi. Amma tun yana makaranta wasan kwaikwayo ya shiga ransa. In ya kwaikwayi tafiyar mai unguwa ko muryar mai tallan magani, mahaifiyarsa Dije sai ta riƙe ciki don dariya. Da ya gama difloma, ya zo ya durƙusa gaban uban ya ce yana son ya shiga harkar fim tare da abokinsa Mudassir.

Malam Tanko ya saurare shi har ya kai aya. Sannan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗaga tafin hannu kamar mai tsayar da mota, ya kawar da kai gefe.

"Ba da yawuna ba. Na gama magana."

Siddiq ya tafi duk da haka. Ya kama ɗaki a Kambarawa. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo rumfar, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida uban. Malam Tanko kan amsa da "lahiya" guda ɗaya, idonsa na kan keke. Yaron ya ɗan zauna, ya ga ba za a ƙara ko kalma ba, ya tashi ya shiga gida wurin uwarsa. Shekara biyu suka yi a haka. A ran Malam Tanko, horo yake yi. Yana jiran ranar da yaron zai gaji ya dawo, su ci gaba daga inda suka tsaya.

Wata Talata, Siddiq na dawowa daga Kano inda suka je haɗa hotunan fim ɗinsu, tayar motar da ya shiga ta fashe bayan an wuce Kankiya. Mutum uku suka rasu, har da shi. Malam Tanko ya tsaya aka yi wa ɗansa wanka, aka sallace shi, aka kai shi makwanci. Ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku idonsa a bushe. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa.

Wata bakwai da rasuwar, Mudassir ya zo rumfar. Ya yi sallama, ya durƙusa daidai inda Siddiq ke durƙusawa.

"Baba, ina wuni? Ya aiki? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ya mutanen gidan?"

"Lahiya lau suke. Baba, dama fim ɗin da muka yi da marigayi ne aka gama. Za a haska shi kwana uku, daga Juma'a, bayan la'asar. Na san ra'ayinka, wallahi na sani. Amma na ga bai kamata a nuna ma duniya shi ba, ku ba ku sani ba."

Ya miƙa kati. Malam Tanko bai karɓa ba, bai kuma ce ya tafi da abinsa ba. Mudassir ya ajiye katin a gefen teburi ya yi sallama.

A gida, Dije ta ce ita ba za ta iya ba. Ta ce in ta gan shi yana motsi, ƙila ta tashi ta nufi allon. Madina kuwa ta ce za ta je.

"Baba, ka yi haƙuri ka bar ni. Muryarshi kawai nike son in ƙara ji."

Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Ran Juma'a da la'asar, ta fito da mayafinta sai ta ishe shi a zaure ya sa farar rigarsa ta zuwa masallaci.

"Mace ba ta tafiya irin wurin nan ita kaɗai," in ji shi. Iyakar abin da ya ce ke nan har suka hau napep.

Wurin wani ɗakin taro ne na otal a GRA, an rufe tagoginsa da baƙin ƙyalle, an jera kujerun roba, an kafa babban farin allo a gaba. Janareta na ruri a baya. Jama'a sun cika: ɗalibai, ma'aurata, mata ƙungiya-ƙungiya da jakunkunansu, kowa da ledar gugguru ko gorar lemo. Mudassir ya hango su ya taho da gudu, ya ce an ware masu kujera a gaba. Malam Tanko ya girgiza kai. Ya nemi tsakiya, inda ba wanda ya san shi, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa.

A bayansu akwai wata mata mai jiki da ƙawarta. Tun kafin a kashe fitila ta fara sharhi. Ta ce ita dai in aka cika waƙa tashi za ta yi, ta ce fina-finan yanzu duk kwalliya ce babu darasi. Ƙawar, Fadila, na ce mata, "Hajiya Zuwaira, ki bari a fara mana."

Aka kashe fitila. Labarin wani magidanci ne da ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku a gidan gado, da ƙanensa Lado da ya ƙudura sai ya raba su da gidan. Minti goma ana yi, Malam Tanko bai gane kan abin ba. Ƙarar ta yi masa yawa, fuskokin sun yi girma. Sai aka nuna ƙofar wani gida, aka ɗaga labule, Siddiq ya shigo.

Madina ta kama hannun rigar uban.

Ga shi nan, ya fi tsawon mutum biyu, cikin babbar riga ruwan toka, an sa masa ɗan gemu. Ya yi sallama. Muryarsa ce, da 'yar shaƙewar nan da ya gado wurin uwarsa. Ya zauna, ya sosa bayan kunne kamar yadda yake yi tun yana yaro in zai yi ƙarya. Malam Tanko ya zuba masa ido. Wata bakwai yana ƙoƙarin tuna fuskar yaron, abin da ke zuwa masa kullum shi ne saman hularsa yana durƙushe, don shi ne abin da ya riƙa gani ta gefen ido shekara biyu. Yau ga fuskar gaba ɗaya.

Siddiq ne Lado. Tun daga murmushinsa na farko mutane suka tsane shi.

"Kai, ku dubi idon mugu!" wani ya faɗa daga gaba. Aka yi dariya.

Lado ya rungumi marayu a gaban mutane, ya juya ya ɓoye takardar gida a aljihu. Ya je gaban alƙali ya rantse da ƙarya, hawaye na zuba a idonsa. Ɗakin ya ɗauki zafi. Samari na buga kujera, mata na tafa hannu suna salati.

"Munafiki!" in ji Hajiya Zuwaira, bakinta daidai keyar Malam Tanko. "Allah shi isar ma marayun nan! Wallahi wadda ta haifi wanga ta yi asara."

Madina ta juya za ta yi magana. Uban ya danne hannunta. Ta koma ta zauna.

Aka zo inda matar marigayin ta durƙusa gaban Lado tana roƙonsa ya bar su ko a ɗaki ɗaya ne, saboda yara. Ta yi ta magana, shi yana gyara hula. Da ta kai aya, sai Lado ya ɗaga tafin hannu kamar mai tsayar da mota, ya kawar da kai gefe.

"Na gama magana."

Ɗakin ya kaure da ihu. Malam Tanko bai ji ihun ba. Hannunsa ne. Kawar da kansa ne, har yadda yake ɗan runtse ido ɗaya. Bai taɓa ganin yadda abin yake daga ƙasa ba, daga inda mai durƙuso yake. Wanda ya ɗauki hoton ya aje na'urarsa a ƙasa, kusa da matar, sai hannun ya cika allon kamar bango. Ya ji Madina ta sunkuyar da kai. Ita ma ta gane.

"Marar imani!" Hajiya Zuwaira ta miƙe tsaye sai da ƙawarta ta jawo ta. "Mutum na durƙushe gabanka ko kallonshi ba ka yi! Allah shi tsine ma mai irin halin nan!"

"Amin!" mutane da yawa suka amsa.

Ya so ya tashi. Amma bai tashi ba. Ya zauna aka yi waƙar da bai ji ko baiti ɗaya ba, aka ci gaba da labari, asirin Lado ya tonu, abokansa suka gudu, dukiyar ta lalace. A ƙarshe aka nuna shi kwance a wani kango, ciwo ya ci shi, leɓɓansa sun bushe, yana miƙa hannu wajen wani kofi da ya yi masa nisa.

Malam Tanko bai ga fitar ran ɗansa ba. Gawa aka kawo masa a lulluɓe. Bai san ko ya yi magana ba, ko ya nemi ruwa, ko ya kira wani. Yanzu ga shi yana kallo: idon yaron na juyawa, yatsunsa na karkarwa a ƙasa, yana kiran sunan Allah da ƙyar. Hannun ya saki.

Aka ɗauki tafi. Tafi sosai, da fito, da shewa.

"Allah shi ƙara!"

"Ƙarshen azzalumi ke nan!"

Wasu har sun fara miƙewa suna karkaɗe gugguru daga jikinsu, sai allon ya yi baƙi, kiɗan ya tsaya. Hoton Siddiq ya fito, ba gemu, ba babbar riga, yana dariya cikin wata shuɗiyar shadda da Dije ta ɗinka masa da sallah. A ƙasa an rubuta cewa wanda ya fito a matsayin Lado, Siddiq Tanko Ƙofar 'Yandaka, Allah ya yi masa rasuwa kafin a kammala aikin, ana roƙon masu kallo su sa shi a addu'a.

Tafin ya mutu a hankali, daga gaba zuwa baya, yadda kowa ya gama karantawa. Sai ƙarar janareta kawai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya Zuwaira, muryarta ta koma ƙarama. "Fadila, wai ya mutu? Yaron nan? Na shiga uku, tun ɗazu nike zagin mamaci."

Aka kunna fitila. Madina ta kasa riƙewa, ta kifa kai a cinya tana kuka mai sauti. Hajiya Zuwaira ta leƙo ta dafa ta.

"Ɗiyata, lahiya? Kin san shi halan?"

"Yayana ne," in ji Madina. "Wannan ne mahaifinmu."

Matar ta dubi Malam Tanko, ta dubi allon, ta sake dubansa. Kamannin ba ya ɓuya. Ta zagayo tsakanin kujeru da nauyin jikinta, ta zube a ƙasa gabansa, mayafinta na zamewa.

"Malam, don girman Allah ka yafe mani. Wallahi ban sani ba. Bakina ne, haka nike in ina kallo, mantawa nike wasa ne. Na ce uwarshi ta yi asara. Wayyo Allah, na ce uwarshi ta yi asara!"

Mace ce da ta kusa sa'arsa, ga ta durƙushe a gabansa mutane na kallo. Ya dube ta sosai, ido cikin ido.

"Tashi, Hajiya. Ba ɗana kika zaga ba. Mai halin kika zaga, kuma ya cancanta. Tashi don Allah."

Ba ta gane abin da yake nufi ba, amma ta tashi tana share ido, tana jero addu'a: Allah shi jiƙanshi, Allah shi sa can ta fi nan, Allah shi ba ku dangana.

A waje rana ta yi ja, an kusa kiran magariba. Mutane sun tsaya gungu-gungu suna muhawara. Wani ɗan jarida mai suna Yusuf na bi da waya da ƙaramin makirfo yana tambayar ra'ayi. Wata ɗaliba ta ce waƙoƙin sun yi tsawo, ba su da alaƙa da labarin. Wani ya ce sautin farkon bai fita ba, kuma alƙalin bai yi kama da alƙali ba. Wani magidanci ya ce shi an taɓa yi wa gidansu irin wannan cin amana, shi ya sa ya kasa zama wuri ɗaya. Amma duk wanda aka tambaya sai ya dawo kan Lado.

"Shi ya riƙe fim ɗin," in ji wani saurayi mai gilashi. "In ya fito sai ka ji kamar ka shiga allon ka shaƙe shi. Da Allah ya yi mashi tsawon rai, wallahi da 'yan fim na Kano sai sun zo nan sun ɗauke shi."

"Wurin nan da ya ɗaga hannu," in ji abokinsa, ya kwaikwaya, "kai! Ban san inda ya samo shi ba."

Malam Tanko na tsaye kusa da su yana jiran Madina ta wanke fuska. Yusuf ya juyo gare shi.

"Baba, ba mu cika ganin dattawa a nan ba. Ya ka ga fim ɗin?"

Ya dubi makirfon da aka kawo kusa da bakinsa.

"Yaron ya iya," ya ce. "Ya iya ƙwarai."

"Wane daga ciki, Baba?"

Mudassir ya iso ya janye ɗan jaridar, ya raɗa masa magana, Yusuf ya sauke wayar yana ba da haƙuri. Malam Tanko ya kama hannun Mudassir ya ja shi gefe, bayan wata mota.

"Wurin da ya ɗaga hannu. Kai ka rubuta mashi?"

Mudassir ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ka faɗa mani gaskiya."

"A'a, Baba. A takarda korarta kawai zai yi da tsawa. Shi ya ce a bari ya gwada wani abu. Sau ɗaya muka ɗauka." Ya ɗago kai. "Da aka gama kowa na yaba mashi, shi kuma ya fita waje. Na bi shi na ishe shi zaune bakin kwata. Ya ce mani in Baba ya gani zai ce rashin kunya ya yi mashi. Har ya ce a cire. Ni na hana, Baba. Laifina ne."

"Ba ka yi laifi ba," in ji Malam Tanko. "Gara da ka bar shi."

Suka yi magariba a masallacin bakin titi, suka koma gida. Dije na zaune a tabarma a tsakar gida, ba ta ko kunna wuta ba. Madina ta wuce ɗaki kai tsaye. Ya zauna a bakin tabarmar, abin da ba ya yi.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ya rame?"

"A'a. Babbar riga suka sa mashi, har ya yi kamar mai jiki."

"Mutane sun so shi?"

"Ba a yi maganar kowa ba sai tashi."

Dije ta gyaɗa kai, tana murza bakin zanenta. Ya so ya tsaya nan. Amma maganar ta taho da kanta.

"Dije, Juma'a nawa ne cikin shekara biyu? Yaron nan na zuwa shina durƙusawa. Kai kawai zan ɗaga. Kai kawai."

Sai kukan ya zo, irin na wanda bai saba ba, mai fita da ƙyar kamar tari. Ya rufe fuska da hularsa. Shekara talatin da shida da aurensu ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, ba ta ce ai ya wuce ba. Ta dai matso ta zauna kusa da shi har aka kira isha.

Ran Asabar da la'asar ya rufe rumfa, ya bar keken wani tela a buɗe, ya hau napep shi kaɗai. Ya yanki tikiti kamar kowa, ya zauna a layin ƙarshe. Sababbin 'yan kallo ne, zagin kuwa iri ɗaya. Wannan karon ya lura da abubuwan da suka wuce shi jiya: yadda yaron ke naɗe hannun riga, wani tabo a goshinsa na faɗuwa daga keke yana ɗan shekara tara. Da aka zo wurin kangon ya tashi ya fita, ya tsaya a baranda har tafin ya wuce.

Ran Lahadi ma ya je. Da aka tashi bai tafi ba. Ya zauna ma'aikatan otal na tattara kujeru, suna yaye baƙin ƙyallen tagogi. Mutum biyu suka kwance farin allon suka naɗe shi, suka fita da shi a kafaɗa. Mudassir ya zo ya ce masa sai bayan wata uku za a saki fim ɗin a waya, in an saki zai kawo masa da kansa.

"Tau," in ji Malam Tanko. "In ka kawo, ka nuna ma Madina yadda ake tsayar da shi wuri ɗaya. Uwarshi na son ta gani, amma ba duka ba. Ni zan nuna mata wuraren."

Mudassir ya ce to. Ya rako shi har bakin titi, ya tsayar masa da napep.